Mugu ya tuba, sai kuma me?

Tunda sanyin Manchester ya hana ni fita in na dawo aiki, na koma kallon tsofaffin shirye-shiryen sararin samaniya, yanzu ina kan Star Trek: Deep Space Nine ɗin nan da aka yi daga 1993 zuwa 1999. Ni fa a Jos na taso, fim ɗin Hausa muke kallo a falon Gwaggo a Gangare, kuma na saba sai saura minti biyar a tashi mugu zai durƙusa yana kuka, don Allah ku yafe min sharrin shaiɗan ne, kowa ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, shikenan.

To a Star Trek ɗin ba haka ba ne. Akwai wani Damar, mutanensu sun danne duniyar su wata mata mai suna Kira wajen shekara 50, shi kuma da hannunsa ya harbe yarinyar da Kira ta riƙa kamar ƙanwarta. Da abokan ƙawancensu suka fara taka su ya yi tawaye, wa aka turo ta koya masa yaƙin sari-ka-noƙe? Kira ɗin dai. Kuma ba ta yafe ba fa, aiki kawai suke tana haɗe rai. Ranar da aka kashe masa mata da ɗa yana tambaya wai waɗanne irin mutane ne ke ba da irin wannan umarni, sai ta mayar masa da tambayarsa, ya yi tsit.

Wallahi wannan ya fi min kama da gaskiya, don na ga irinsa. Bayan rikicin Jos na 2001 da na 2008 unguwanni sun rabu, akwai layin da Baba ya daina bi kwata-kwata. Akwai wata mata da ke kawo masa tumatir da kabeji a kasuwar Farin Gada, ta fi shekara ba ta leƙo ba, ita ma an ƙona musu gida kamar yadda aka ƙona na Kawu. Wata safiya sai ga ta da kwanduna. Babu wanda ya durƙusa, babu wanda ya ce a yafe, Baba dai ya ce sannu Mama, ya yara, suka hau ciniki har da musu kan naira hamsin.

Ba wai na raina yafiya ba ne, addini ma ya koyar da mu. Saurin ne ban yarda da shi ba, a fim ɗinmu ko tambayar wanda aka cuta ba a yi, dattawa ne ke yafewa a madadinsa. Har na baro gida Baba bai taɓa tambayarta ina ta koma da zama ba, amma in tumatir ya yi tsada ita yake fara kira.