Sun ƙona mini injin babur da soda da sunan wanki

Mako uku ke nan da na kai babur ɗina wani wurin wanki a nan cikin garin Maraɗi, kuma har yau duk safiyar da na fito da shi daga zaure na dubi injinsa sai raina ya ɓaci. Haojue ne mai inji 125, na saye shi da kuɗin adashi na shekara biyu, kuma shi ne ƙafata daga unguwar Zariya zuwa ƙauyen da nake koyarwa a kan hanyar Madarunfa. Tun ƙarshen damina laka ta bushe ta liƙe a tsakanin haƙarƙarin injin, wato siraran faya-fayen nan na alminiyam da ke jere a jikin silinda, sannan ɗan yoyon baƙin mai ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kamar kwalta. Na faɗa wa mai wurin da bakina cewa wannan dauɗar nake so a cire kafin bazara ta shigo, a kuma goge murafun inji na hagu da dama. Ya ce jika biyu, ban nemi ragi ba.

Ko minti biyar ban yi da kashe injin ba yaronsa ya saki masa ruwan sanyi da injin feshi. Na ce ya dakata ƙarfen ya huce, domin ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana iya tsaga shi, sai ya ce, «Baba, kar ka damu, kullum haka muke yi.» Da na dawo daga sallar la'asar na tarar da shi a tsugune, gabansa rabin jarka cike da wani farin ruwa, ya ɗaure hannunsa da baƙar leda, yana dirzar murfin inji da soson ƙarfe irin na wanke tukunya. Duk inda ruwan ya taɓa sai ƙarfen ya riƙa fitar da ƙananan kumfa yana ɗan huci. Na tambaye shi abin da ya zuba, ya ce sabulu ne mai ƙarfi. Ina da hujjar tsayar da aikin nan take, amma na yarda da maganar mai sana'a a kan sana'arsa.

Washegari da safe injin ya koma launin toka mai duhu, dabbare-dabbare, ga sawun zubar ruwan a jikinsa layi-layi daga sama har ƙasa, ga wani farin gari kamar kanwa a gindin kowane noti. Bayan kwana shida ƙananan ɗigon tsatsa suka feso a kan murfin, alhali alminiyam ba ya jan tsatsa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na zura tsinken tsintsiya a tsakanin haƙarƙarin, busasshiyar lakar nan da na biya kuɗi a cire ita ce ta zubo a tafin hannuna. Bakin faya-fayen kawai suka kankare don ido ya ga haske, cikin kuwa ko taɓa shi ba a yi ba.

Wani dattijon makanike da na nuna wa bai ko tambaye ni ba ya ce soda ce, irin wadda ake haɗa sabulu da ita. Alminiyam yana da wata siririyar fata da yake yi wa kansa idan iska ta taɓa shi, ita ce ke kare shi daga lalacewa, kuma masu ƙera babur sukan ƙara wa murafun wani shafi mai garai-garai a kai. Soda tana cinye wannan fata, ta shiga cin ƙarfen kansa, kuma kumfar da na gani iskar haidurojin ce da ke fita yayin da ƙarfen ke narkewa. Duhun da ya rage kuwa sauran sinadaran da aka gauraya a cikin ƙarfen ne, waɗanda sodar ta bari a sama bayan ta cinye alminiyam ɗin. Ɗigon tsatsar kuma ɓurɓushin soson ƙarfe ne da ya nutse a jikin murfin, tunda alminiyam ya fi shi taushi. Wannan ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Duk macen da ke haɗa sabulu a garin nan ta san ba a jiƙa soda a tukunyar alminiyam, sai a roba. To yaya mutumin da ya kafa rumfa yana karɓar kuɗin jama'a don wanke injuna zai ce bai sani ba?

Kuma lamarin ya wuce kyan gani. Irin baburanmu ba su da tankin ruwan sanyaya inji kamar mota, iskar da ke ratsa tsakanin haƙarƙarin nan ita kaɗai ke kwashe zafi. Dalilin da ya sa aka yi su da alminiyam ke nan, saboda ya fi baƙin ƙarfe saurin ɗaukar zafi da sakinsa, aka kuma yi su sirara masu yawa don iska ta sami faɗin wurin bugawa. Idan laka da mai suka toshe tsakaninsu, tamkar an lulluɓe injin da bargo ne. A watan Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana haura digiri 40, kuma injin da bai samun iska mansa yakan tsinke ya zama kamar ruwa, ƙarfinsa ya ragu, wata rana ya cije a tsakiyar hanya. Ɗan kabu-kabun da ke yini yana zirga-zirga tsakanin babbar kasuwa da tasha, yana kai balas kowace yamma, shi ne zai fi kowa ɗanɗana wannan sakaci, kuma ba zai taɓa sanin daga wurin wanki matsalar ta faro ba.

Na koma wurin mai rumfar na nuna masa. Ko tashi daga benci bai yi ba ya ce, «Malam, ai ƙarfen motocin yanzu ne ba shi da nagarta.» Na ce, «Maigida, shekara uku yana hannuna bai yi haka ba, sai da ya kwana ɗaya bayan wankinka?» Sai ya ce in kawo a fesa masa fenti ruwan azurfa, in ƙara jika ɗaya. Wato in sake biya a rufe ɓarnar da lakar gaba ɗaya da fentin da ba a yi shi don zafin inji ba, wanda zai ɓare cikin ƴan makonni. Ko kalmar haƙuri ban samu ba. Shi kuwa yaron yana gefe, na lura fatar yatsunsa duk ta tsage ta yi fari, domin sodar da ke cin ƙarfe ba za ta bar hannun mutum ba, kuma ubangidansa bai ga ya dace ya saya masa safar hannu ba.

Aikin gaskiya sananne ne. A bar inji ya huce, a rufe bakin shan iska, a kuma rufe wayar buji, a jiƙa maiƙon da kalanzir ko gazuwal, a bi tsakanin haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori da tsinke da siririn tsumma, sannan a wanke da sabulu mai sauƙi a ɗauraye ba da matsin ruwa mai ƙarfi ba. Haƙarƙari tsabta suke bukata, ba walƙiya ba. Murafun ne ake gogewa, da jiƙaƙƙiyar samfefa daga mai lamba 400 zuwa 800 har 1200, a ƙare da man goge ƙarfe da tsumma mai laushi. Aiki ne na sa'o'i, na sani, kuma da ya ce mini jika biyu ba za ta isa ba, wallahi da na ƙara masa ko na tafi da abina.

Yanzu ni ne nake zama a ƙofar gida kowace yamma da kwanon ruwa da samfefa ina bin murfin dama, na hagu ko fara shi ban yi ba. Duhun yana fita a hankali, amma ƙananan ramukan da sodar ta haƙa sun yi zurfin da gugar ba ta kai gare su. Wani dillalin babura da ya ga injin ya tambaye ni ko ambaliya ce ta taɓa cinye shi, ya kuma ce duk ranar da zan sayar sai mai saye ya rage kuɗi saboda wannan tabon.