Ranar da Aka Ce wa Tamar Ta Yi Shiru

'Yan'uwa cikin Almasihu, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Akwai surorin Littafi Mai Tsarki da ba kasafai ake karanta su a sujadar Lahadi ba, kuma 2 Sama'ila sura 13 tana cikinsu, domin a nan aka rubuta yadda Amnon, ɗan farin Sarki Dawuda, ya yi wa Tamar fyaɗe, alhali ubansu ɗaya.

Amnon bai ƙulla wannan mugunta shi kaɗai ba. Abokinsa Yonadab, ɗan Shimeya ɗan'uwan Dawuda, shi ya ba shi shawarar ya kwanta ciwon ƙarya, ya roƙi sarki a turo Tamar ta yi masa abinci a gabansa, kuma Dawuda da kansa ya aika mata. Ta zo, ta kwaɓa gari, ta toya masa waina, Amnon kuwa ya sa kowa ya fita daga ɗakin. Ta roƙe shi, ta tuna masa cewa ba a yin irin wannan a Isra'ila, ta tambaye shi inda za ta kai kunyarta, amma ya fi ƙarfinta. Da ya gama, sai ƙiyayyar da ya yi mata ta fi sha'awar da ya yi mata a dā, ya umarci baransa ya fitar da ita ya kulle ƙofa.

Ku lura cewa Tamar ba ta ɓoye abin ba. Ta zuba toka a kanta, ta yage doguwar rigar da 'ya'yan sarki budurwai suke sawa, ta ɗora hannu a ka, ta tafi tana kuka da ƙarfi. Mazan da ke da ikon kare ta su ne suka kawo shirun. Wanta Absalom, wanda suke ciki ɗaya, ya ce mata ta yi shiru, ai ɗan'uwanta ne, kada ta sa abin a ranta. Dawuda kuwa, aya ta 21 ta ce ya ji labarin duka, ya husata ƙwarai, daga nan ba mu sake jin ya yi kome ba, ko da yake Littafin Firistoci 18:9 ya haramta abin da Amnon ya yi, kuma sarki shi ne babban alƙalin ƙasa. A ganina, abin da Dawuda ya yi a sura 11, wato ya kwana da Bat-sheba ya kuma sa aka kashe mijinta Uriya, yana cikin abubuwan da suka ɗaure masa baki, amma kunyar uba kan zunubinsa ba hujja ba ce ta barin 'yarsa ba tare da shari'a ba.

Shekara 2 aka yi cikin wannan shiru, sannan Absalom ya sa barorinsa suka kashe Amnon a bikin sausayar tumaki a Ba'al-hazor. Abin mamaki, Yonadab ne ya gaya wa sarki cewa Absalom ya ƙudura wannan tun ranar da aka ɓata Tamar, ke nan ya sani bai faɗa ba. Absalom ya gudu Geshur wurin kakansa Talmai har shekara 3, ya dawo Urushalima ya yi wasu 2 bai ga fuskar mahaifinsa ba. Da ya tashi neman sarauta, sai ya riƙa tsayawa a bakin ƙofar birni yana gaya wa masu kawo ƙara cewa maganarsu daidai ce, amma sarki bai sa wanda zai saurare su ba. Wa ya fi shi sanin haka? Tawayen ya ƙare a kurmin Ifraimu, inda mutum 20,000 suka mutu, har da Absalom.

Kalmomin da aka gaya wa Tamar muna jin su a gidajenmu da majami'unmu har yau: a rufa asiri, a bar wa Allah, kada a ɓata sunan gida, wa zai aure ta idan aka ji. Sau da yawa asirin mai laifi ake rufawa, musamman idan kawu ne, ko dattijon ikkilisiya, ko mai ciyar da gidan. Hausawa sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, Karin Magana 31:8 kuma ya umarce mu mu buɗe baki domin waɗanda ba su iya magana don kansu.

Saboda haka iyaye, fastoci da shugabannin zumuntar mata, idan yarinya ko yaro ya kawo muku irin wannan kuka, ku saurara har ƙarshe ba tare da tsawa ko zargi ba. Ku kai shi asibiti da gaggawa, domin maganin kariya daga ƙwayar cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Ku raba shi da wanda ake zargi, ku kai maganar gaban hukuma, kada kuma ku matsa masa ya yafe a zaman sulhun iyali tun ba a binciki abin da ya faru ba.