Tsofaffin mutum-mutumin Disney da zauren kakanmu

Asabar ɗin da ta wuce na kai yara Magic Kingdom, ɗaya daga cikin filayen wasa na Walt Disney World da ke bayan garin Orlando, inda muke zaune shekara tara ke nan. Da rana ta take, zafin Fulorida mai haɗe da gumi ya ishe mu, sai muka faɗa wani ɗakin kallo da ake kira Carousel of Progress don kawai mu sha sanyi. Ko layi babu a ƙofarsa, alhali wasu wuraren sai ka yi awa guda a tsaye.

Ginin zagayayye ne kamar faifai. Dandalin yana tsakiya, ba ya motsi, ku 'yan kallo ne ake juyawa da ku a hankali, da kujerunku da bangonku, daga wannan ɗaki zuwa wancan. A kowane ɗaki ga magidanci da karensa kwance a gefe, yana ba da labarin kayan zamanin da suka shigo gidansa. Na farko wajen shekarar 1900 ne, da fitilar gas da famfon hannu a kicin. Na biyu shekarun 1920, wayoyin lantarki sun rarrataye ko ta ina. Na uku shekarun 1940, talabijin ta iso. To magidancin nan ba mutum ba ne, mutum-mutumi ne na ƙarfe da roba. Yana lumshe ido, yana ɗaga hannu, bakinsa na bin magana, shi ma karen yana ɗaga kai. Motsin nasa da ɗan nauyi, kana gani ka san tsohon aiki ne.

Wata dattijuwa Baturiya ce zaune kusa da ni, riƙe da hannun jikanta. Tun da aka fara take bin waƙar wasan a hankali, ba ta kuskure ko kalma ɗaya ba, tana share ido da bayan hannu. Da muka fito na gaishe ta, sai ta ce mini mahaifinta ne ya fara kai ta kallon wasan nan a baje kolin duniya na birnin Niyok a 1964, tana 'yar shekara tara. Ta kawo 'ya'yanta, yau ga jika. Ta ce mahaifinta ya daɗe da rasuwa, amma mutumin can na kan kujera yana nan yadda suka bar shi. Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai.

Kuma gaskiya ta faɗa. Don wancan baje kolin Walt Disney, wanda ya kafa kamfanin Disney, ya shirya wasan, da kuɗin kamfanin General Electric. Aka ɗauke shi zuwa Disneyland ta Kalifoniya a 1967, sannan aka kawo shi nan a 1975. Shi mai abin tun 1966 ya mutu. Sau biyu ana kwance inji ana ƙetare ƙasa da shi, ba a ce ya tsufa a zubar ba.

Sai dai ba duka ne suka yi wannan sa'a ba, kuma a nan Orlando muhawara ce da ba ta ƙarewa, har a wajen aiki. An rufe wasan The Great Movie Ride a 2017 aka sa wani sabo a gurbinsa. An rufe Splash Mountain, wasan da ake zagayawa da mutane a kan ruwa, a Janairun 2023, har wasu suka riƙa ɗibar ruwan wurin a kwalba suna tallarsa a intanet. Masu goyon bayan sauyi suna da hujja, ban raina ta ba. Yawancin tsofaffin injinan nan da matsin mai da na iska suke motsi, suna yoyo, suna sandarewa, ga wahalar kayan gyara. Sababbin da lantarki suke aiki, motsinsu sumul. Yaran yanzu kuma taurarin finafinan yanzu suka sani, mutumin da ya biya sama da dala 100 kuɗin shiga na wuni ɗaya ba zai so a nuna masa abin da ya lalace ba.

Akwai ma waɗanda ni da kaina na yi murnar cire su. A Jungle Cruise, inda ake zagayawa da mutane a jirgin ruwa cikin dajin da aka ƙirƙira, an shekara da shekaru ana nuna baƙar fata da masu a hannu kamar mutanen daji, da kuma 'yan dako baƙaƙe sun ɗare itace, Bature a can samansu, karkanda na kai musu suka. A 2021 aka sauya su. Ba uban da zai so 'yarsa ta ga an mai da irinta abin dariya. Wannan ba tsufa ya kore su ba, cin mutunci ne.

Amma in dai laifin abu kawai ya tsufa ne, ni ban yarda a rushe shi ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Sabon wasa komai kyansa ba shi da kakar da za ta zauna gabansa ta ce da ubana na gan shi. Wannan sai an yi shekara sittin ana shafa mai, ana sauya fatar roba, ana ɗinka sabuwar riga, kafin a same shi, kuma rana ɗaya katafila ke gamawa da shi. Na san akwai wanda zai ce me ya haɗa ɗan Musulmi da kare mutum-mutumi. Ba surar nake karewa ba, ɗan'uwa. Wurin da kaka da jika za su zauna su kalli abu guda nake magana a kai.

Kada kuma wani ya ɗauka na zo ƙasar mutane na ruɗe. Wasan nan da suke kira tsohon tarihi bai wuce shekara sittin da 'yan kai ba. Mu ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, shekara ɗari tara ke nan, marinar Ƙofar Mata kuma har gobe ana rini. Ba su fi mu abin nunawa ba ko kusa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne su suna faɗa a kan ɗan abin da suke da shi, mu kuwa kun dai san yadda ganuwar take yanzu, ba sai na faɗa ba.

A mota muna komawa gida ƙaramar 'yata ta ce, “Abba, kai ina babanka yake kai ka?” Na buɗe baki zan ce zauren kakanmu, sai na yi shiru. Zauren ƙasa ne, rufin daurin guga, da sanyi ko a tsakiyar bazara. Nan Baba yake zaunar da mu bayan magariba, nan muka yi karatun allo, nan aka ɗaura auren duk 'yan matan gidan. Kowace shekara kafin damina a kira magina, a kwaɓa ƙasa, a yi yaɓe, a gyara indararo, mu yara muna jido ruwa. Wannan yaɓen ne kawai ke riƙe da shi. Da Baba ya rasu yaɓen ya fara tsallake shekara, sannan shekara biyu. Shekara huɗu da suka wuce aka rushe shi aka yi shaguna uku na bulo. Ni na aika kuɗin simintin. Ko tambaya ban yi ba ko zai gyaru.

Da dare na kasa barci, na jira gari ya waye a can na kira Yaya. Na fara ba shi labarin dattijuwar, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Kai kana can cikin sanyin na'ura, mu ne ruwa ke zuba a kanmu duk damina. Maginan da suka iya daurin guga nawa suka rage? Da hayar shagunan nan ake sayen maganin Hajiya.” Ban da abin cewa, don bai faɗi ƙarya ba. Na dai tambaye shi ko akwai abin da ya saura na zauren. Ya ce yana jin akwai azara biyu jingine a bayan gida kusa da turken awaki. Na ce, “Don Allah Yaya, kada a ƙona su, a sa su inda ruwa ba zai taɓa ba, ina nan zuwa da yaran hutun bana.” Ya ce to, zai duba in ya dawo daga kasuwa.