Gumakan Masar a gidajen attajiran Ingila: kuɗi na ƙarewa sai gwanjo

Duk sanda aka ta da maganar kayan tarihin Masar da Turawa suka kwashe, kowa British Museum yake nuna wa yatsa. To ai wannan da sauƙi, ko ba komai ƙofa a buɗe take kuma shiga kyauta ne. Ni abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne waɗanda ke manyan gidajen masu sarauta a karkarar Ingila, inda gunki mai shekara sama da dubu uku ya koma kayan adon tsakar gida.

Ga Didlington Hall a Norfolk. Lord Amherst ya jera gumakan Sekhmet guda 7 a gidan, masu jikin mace da kan zakanya, na zamanin Fir'auna Amenhotep na uku. Masu kare wannan ɗabi'a suna ji da misalin nan, don a gidan ne Howard Carter ya fara ganin kayan Masar yana yaro, shi ne kuma ya gano kabarin Tutankhamun a 1922. Gaskiya ne. Amma a ƙarasa labarin mana, lauyan Amherst ya yi sama da faɗi da dukiyarsa, aka shiga sai da kaya, yau gumakan suna New York, gidan ma tuni aka rushe shi.

Labarin gunkin Sekhemka ya fi ciwo. Wani magatakarda ne a zaune, ya buɗe takarda a kan cinya, matarsa 'yar ƙarama a gefen ƙafarsa. Marquess na Northampton ya taho da shi daga Masar wajen 1850, alhali tun 1835 Muhammad Ali Pasha, mai mulkin Masar a lokacin, ya hana fitar da irin kayan nan. Iyalin suka ajiye shi a gidan tarihin garin, mutane na gani shekara da shekaru, kwatsam a Yulin 2014 aka kai shi gwanjon Christie's aka sayar fam miliyan 15.76, majalisar garin da magajin gidan suka raba kuɗin, Masar ta yi ta kuka ba wanda ya saurara, mai sayen ma ko sunansa ba a faɗa ba.

Eh, akwai inda abin ya zo da kyau. Gidan Kingston Lacy, inda William Bankes ya kai dogon dutsen tsibirin Philae na Masar, ya koma hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi a Ingila, bayan wasiyyar mai gidan a 1981, yanzu kowa na iya zuwa. Amma fa sa'a ce kawai, wani magajin da gwanjo zai yi.

Kafin ma a kai ga rigimar mayar wa Masar kayanta, a tilasta wa gidajen nan su rubuta abin da ke hannunsu, da hoto, a sa a intanet. A Highclere, gidan Lord Carnarvon wanda ya ɗauki nauyin aikin tonon Carter, sai a ƙarshen shekarun 1980 aka ci karo da ɗaruruwan kayan Masar a ɓoye cikin kabad, jikan nasa ma bai san suna nan ba.