Ba kowane jan haƙori ne laifin ruwa ba

A Marwa da kewayenta, a arewacin Kamaru, idan haƙoran yaro suka fito ja-ja ko ruwan ƙasa, amsar da kowa zai bayar ɗaya ce: ruwa ne. Kuma sau da yawa gaskiya ce. Binciken da aka wallafa a 2010 kan rijiyoyin kwarin Mayo Tsanaga ya nuna cewa ruwan wurare da dama na ɗauke da sinadarin fuloraid, wanda yawansa ke ɓata launin haƙora, fiye da miligiram 1.5 a kowace lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Sai dai wannan amsa ta zama bargon da ke rufe wasu yara waɗanda matsalarsu ba daga rijiya take ba, a jininsu take. Su ne nake so a duba.

Akwai lalurar gado da likitoci ke kira amelojenesis imfafekta, inda farin ɓawon da ke rufe haƙori ba ya ginuwa daidai tun haƙorin na cikin dasashi. Ko ya fito siriri, ko ya fito da laushi yana marmashewa. Akwai 'yar'uwarta, dentinojenesis imfafekta, wadda ke taɓa abin da ke ƙarƙashin ɓawon, haƙori ya yi launin toka ko na zuma, ya riƙa cinyewa har ya kusa daidai da dasashi. Ta farkon, ƙiyasi ya bambanta daga mutum 1 cikin 700 a arewacin Suwidin zuwa 1 cikin 14,000 a Amurka. Wasu nau'o'inta sai uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar gadon suke bayyana, don haka inda auren zumunci ya yawaita, kamar a gidajenmu, ba abin mamaki ba ne a same su.

Ta yaya uwa za ta fara zargi? Lalurar gado takan kama haƙoran nono da na dindindin, kusan dukkansu, tun ranar da suka tsiro. Yaran maƙwabta da ke shan rijiya ɗaya haƙoransu lafiya lau, amma kawu ko goggo na da irin bakin. Sannan akwai zafi. Ka lura da yaron da ke ƙin ruwan randa, yana jira shayi ya huce sarai, yana rufe baki da tafin hannu da safiyar hunturu domin iska kaɗai na tsira masa haƙori. In an miƙa masa asuwaki ko buroshi sai kuka. A gida a ce ƙazami ne, a makaranta a ce ya faye shan alawa.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin da muka fi sani: a cire. Haƙori ya dami yaro, a kai shi wajen mai cirewa, wani lokacin ma a bakin kasuwa. Ga mai wannan lalura, cirewa asara ce da ba ta da mayarwa, domin ba haƙori ɗaya ba ne, baki ne gaba ɗaya. Yau a cire wannan, baɗi wancan, kafin ya kai ashirin ba shi da abin tauna. Kuma ƙashin muƙamuƙi yakan zaizaye a inda aka cire haƙori, abin da ke wahalar da duk gyaran da za a so yi daga baya.

Ba a warkar da gadon, amma ana tsare haƙoran, kuma mataki-mataki ake yi. Tun yaro na ƙarami, likita na iya shafa maganin da ke rage tsirawar, ya rufe wuraren da suka buɗe da wani siminti na haƙori mai suna gilas ayonoma. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka wannan siminti cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba. Turamen haƙora kuma, musamman na dindindin da ke fitowa wajen shekara 6, ana sa musu hular ƙarfe da aka riga aka ƙera, kamar dai haƙorin Makka amma na aiki, ba na ado ba. A ganina wannan hula ita ce ginshiƙin komai: tana kashe zafi, tana hana cinyewa, tana riƙe tsayin cizo har yaro ya girma. Haƙoran gaba kuma ana lulluɓe su da farin abin cike mai kalar haƙori, yarinya ta samu ta yi dariya a aji ba tare da mayafi a baki ba.

Hulunan tangaran na dindindin sai girma ya kammala. Dasa haƙori a ƙashi ma haka, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancinmu. Wanda haƙoransa suka riga suka cinye ana iya yi masa na roba da ke zama a kan ragowar, ba sai an tumɓuke saiwoyin ba.

Za a ce ina likitocin? Tambaya ce mai nauyi. Yawancin likitocin haƙori suna Yawunde da Duwala, mu a arewa sai dai manyan asibitocin Garwa, Marwa da Ngaundere. Amma shafa magani da sa siminti ba sa buƙatar manyan injuna, kuma ana iya koya wa ma'aikatan jinya su gane yaron da ya kamata a tura gaba. Shirin inshorar lafiya ga kowa da gwamnatin Kamaru ta ƙaddamar a 2023 ya kamata ya ɗauki kuɗin hular ƙarfe ga irin waɗannan yara, tunda ba sakacin kowa ne ya jawo musu ba.

Iyaye kuma kada su tsaya a baki kawai. Wani nau'in lalurar ɓawon yana tafiya tare da taruwar alli a ƙoda, don haka idan haƙoran dindindin sun ƙi fitowa a kan lokaci kuma dasashi ya yi kauri, a nemi hoton ƙoda. Yaron da haƙoransa suka yi toka-toka, yana yawan karaya, farin idonsa na ɗaukar shuɗi-shuɗi, a kai shi a duba ƙasusuwansa, kada a tsaya wajen mai ɗori.