Bugun da ba ya canza komai

Har yanzu ana samun masu cewa hukumar NFL, mai kula da babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, ta yi kuskure da ta soke tilasta bugun ƙarin maki bayan tocdawun (kai ƙwallo makurar filin abokan hamayya) ɗin da ya rufe wasa, kuma na rasa wane irin wasa suka kalla a ranar 14 ga Janairun 2018. Case Keenum na ƙungiyar Vikings ya jefa wa abokin wasansa Stefon Diggs ƙwallo, Diggs ya cafe ta ya ruga da ita, jimillar yadi 61 da jifa da gudu, ya kai ta makura a daidai lokacin da agogo ya cika, Vikings suka doke Saints da ci 29 da 24, filin wasa na Miniyapolis ya kaure da sowa. Sai alƙalan wasa suka ce ai da sauran aiki, a je ɗakin sauya kaya a kirawo 'yan wasan Saints da aka fitar daga gasa yanzun nan, su dawo su jeru domin wani bugu da ba zai ƙara wa kowa komai ba.

Madalla da wannan hikima! An kori 'yan jarida daga tsakiyar fili, an yi ta jira na tsawon mintuna, sannan da aka kammala jeruwa Keenum ya karɓi ƙwallo ya durƙusa da gwiwa, kowa ya watse. Wai an cika doka ke nan. Kuma an taɓa yin irin wannan a Satumban 2012, lokacin da aka dawo da 'yan wasan ƙungiyar Packers fili a Siyatil domin irin wannan bugu, bayan hukuncin alƙalan wasa da ya kayar da su a ƙarshen wasa, wanda har yau ake gardama a kansa.

Masu kare tsohuwar dokar suna cewa bambancin maki yana cikin ma'aunan raba kunnen doki a ƙarshen kaka. Haka ne, amma yana can ƙasan jeri, kuma wasan Vikings da Saints na sili-ɗaya-ƙwale ne, wanda bambancin maki ba shi da wani amfani a cikinsa. Wasu kuma kukan masu caca suke yi a fakaice, waɗanda maki ɗaya ke iya cinye musu kuɗi, to wannan su ta shafa. Tun da can, idan aka yi tocdawun na nasara a ƙarin lokaci ba a yin bugun, kuma ba wanda ya ce an tauye wasa. Me ya sa abin da ya halatta a ƙarin lokaci zai haramta a ƙarshen zango na huɗu? Masu ƙungiyoyi sun gyara dokar a Maris na 2018, ta yadda idan lokaci ya cika kuma nasarar bugun ba za ta sauya sakamako ba, an yafe shi. Idan zai sauya, ana yin sa kamar kullum, domin a nan yana da dalili.

Gaskiyar abin da ke damuna shi ne mutuncin wanda aka kayar. Mutumin da ya shekara yana wahala, burinsa ya rushe cikin daƙiƙa 10, bai cancanci a fito da shi gaban dubban masu murna domin a cika takarda ba.

Thomas Morstead, mai yi wa Saints dogon bugu a wancan lokacin, shi ne ya fara fitowa a ranar duk da ciwon haƙarƙari da ya ji a wasan, ya tsaya a sahun masu tsaro, wurin da ba nasa ba. Magoya bayan Vikings sun ga haka suka tara wa gidauniyarsa sama da dala dubu 200, shi kuma ya mayar da kuɗin ga asibitin yara na jihar Minesota.