Kuran ɗinmu har yau daga hayaƙi yake fitowa

Jama'a, in aka zo zancen wuta a Maraɗi sai a tsaya kan "an ɗauke, an kawo". Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne: da me ake yin ita wutar?

Wadda muke samarwa da kanmu a Nijar, kusan dukkanta da gazuwal da kwal ake yin ta, kuma an daɗe a haka. A 1981 SONICHAR, ma'aikatar kwal ta ƙasa, ta fara ƙona kwal a Anu Araren don ba mahaƙar uraniyom ta Arlit wuta. A 2017 aka buɗe tashar Goru Banda a Yamai, ita ma injinan mai ne. Shekara 36 tsakani, hanyar ba ta sauya ba. Sauran kuwa daga Najeriya muke saye (kafin yankewar 2023 ya kai wajen kashi 70 cikin ɗari), mu nan ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma su ma yawancin tasu da iskar gas suke yi.

Da Najeriya ta yanke layin a watan Agusta 2023, kowa ya gani da idonsa. Mai walda zaune bakin shago, ƙofar da aka ba shi aiki jingine da bango, yana jiran wuta. Mai ƙanƙara na zubar da ruwan da ya narke. Mai hali ya tada gurup, unguwa ta cika da ƙara da warin mai, ribar yini ta ƙare a tanki. Abin ya taɓa ni ƙwarai, don waɗannan mutane ba su da albashin ƙarshen wata.

Na san masu cewa ai muna da man kanmu, ga matatar mai ta SORAZ a Damagaram tun 2011. Gaskiya ne, kuma da dare dole a nemi injin, tunda batir na da tsada. To amma da rana fa? Injin niƙa, teloli, famfunan ban ruwa na Jiratawa inda ake noman zogale, dukkansu da rana suke aiki, lokacin da take dukan mu har tsakar ka. Ƙona gazuwal da azahar a watan Afrilu, a ƙasar Katsinar Maraɗi, wallahi asara ce.

Ba ilimin muka rasa ba. Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a kan makamashin rana ya yi rayuwarsa. Amma sai 2018 Malbaza ta samu tashar rana mai megawat 7, sai 2023 Goru Banda ta samu mai 30. Madatsar Kandaji, da aka aza tubalinta tun 2008 da alkawarin megawat 130, har yau jira ake.

Abin da nake roƙon NIGELEC, kamfanin wuta na ƙasa, da magabatanmu: a kafa wa jihar Maraɗi babbar tashar rana tata, a fara haɗa ta da manoman rani da masu sana'ar hannu, a bar injinan mai su riƙe dare kawai.